Sili-Ɗaya-Ƙwale A Fagen Tsofaffin Waƙoƙi: Wasa Ne Ko Hukunci?

GABATARWA

Akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi a ƙasashen Turai da Amurka, wadda ya kamata mu ɗaliban adabi mu tsaya mu dube ta da idon basira. Gidan rediyo, ko wata ƙungiya ta masu sha'awar kiɗa, sai su tattaro tsofaffin waƙoƙin zamani da suka yi tashe a shekarun 1960 zuwa 1980, kamar guda 32 ko 64, su haɗa su biyu-biyu. Masu sauraro su jefa ƙuri'a, wadda ta yi rinjaye ta wuce zagaye na gaba, wadda aka kayar kuwa ta yi sallama da gasar. Haka za a yi ta rage su har a bar guda ɗaya, a naɗa ta sarauniyar waƙoƙin wancan zamani. Wannan tsari shi ne masu labarin wasanni suke kira sili-ɗaya-ƙwale.

Daga filin wasa aka aro tsarin. Gasar ƙwallon ƙafa ta cin kofin FA a Ingila a kansa ta ginu tun 1871. A Amurka kuwa, gasar ƙwallon kwando ta jami'o'i da ake yi a watan Maris, wadda aka fara a 1939, ta kai ƙungiyoyi 64 a 1985, kuma jadawalinta ne jama'a suka kwaikwaya suna gwada waƙoƙi da finafinai har da abinci. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a nuna cewa gasar tana da daɗi da amfani muddin an ɗauke ta a matsayin wasa, amma ba ta isa ta zama mizanin auna nagartar waƙa ba. Ga dalilaina.

ABIN DA LISSAFI YA NUNA

Bari mu fara da ƙidaya. Idan waƙoƙi 64 suka shiga, za a yi karo 32 a zagayen farko, sannan 16, da 8, da 4, da 2, da na ƙarshe, watau karo 63 a zagaye shida. Waƙar da ta ci kofi da waƙoƙi shida kaɗai ta gamu. Sauran 57 ba ta taɓa haɗa ido da su ba. To, yaya za a ce ta fi su? Hujjar masu gasar ita ce wanda ya kayar da gwani ya fi duk wanda gwanin ya kayar. Nan gaba kaɗan za mu ga inda wannan hujja ta karye.

Tun a 1883 wani malamin lissafi na Jami'ar Oxford, Charles Dodgson, wanda duniya ta fi sani da Lewis Carroll, ya rubuta ɗan littafi yana sukar yadda ake gasar tanis. Ya nuna cewa idan 'yan wasa 32 suka shiga, aka raba su da ƙuri'a, ko da a ce wanda ya fi ƙwarewa ne yake cin kowane karo, damar da na biyu a gwaninta yake da ita ta kai wa wasan ƙarshe kashi 16 ce cikin 31. Dalili kuwa, in rabo ya jefa shi ɓangare ɗaya da zakara, tilas su haɗu tun kan hanya a fitar da shi. Haka abin yake ga waƙa. Waƙar da ta cancanci matsayi na biyu tana iya faɗuwa tun ranar farko, a manta da ita, wata da ba ta kai ta ba ta sulale ta ɓangare mai sauƙi har wasan ƙarshe.

Matsala ta biyu ta fi wannan girma. Wani masani Bafaranshe, Condorcet, ya bayyana ta a 1785. Mu ƙaddara akwai waƙoƙi uku, Fara da Ja da Baƙa, da masu zaɓe talatin da suka kasu gida uku, goma-goma. Gida na farko sun fi son Fara, sai Ja, sai Baƙa. Gida na biyu sun fi son Ja, sai Baƙa, sai Fara. Gida na uku sun fi son Baƙa, sai Fara, sai Ja. In aka gwada Fara da Ja, Fara ta ci da ƙuri'a 20 da 10. In aka gwada Ja da Baƙa, Ja ta ci da 20 da 10. Mai karatu zai zaci Fara ta gama da kowa ke nan. Amma a gwada Baƙa da Fara, sai ga Baƙa ta ci da 20 da 10. Ke nan duk wadda aka ajiye ta jira wasan ƙarshe ita za ta ɗauki kofi, alhali babu mai zaɓe ko ɗaya da ya sauya ra'ayinsa. Ashe wanda ya tsara jadawali yana iya zaɓar zakara tun kafin a jefa ƙuri'a.

A fagen dambe ko kokawa irin wannan gardama ba ta cika tasowa ba. A gasar kokawar cin takobi da ake yi a Jamhuriyar Nijar tun 1975, wanda ya faɗi kowa ya gan shi a ƙasa, ko mai sonsa ba ya musu. Waƙa kuwa ba ta faɗuwa. Abin da ake ƙidayawa shi ne son zuciyar waɗanda suka halarta ran nan.

SU WANE NE MASU ZAƁEN?

Wannan ya kai mu ga tambaya ta gaba. A 1989 wasu masana biyu a Amurka, Holbrook da Schindler, sun kunna wa mutane masu shekaru daban-daban waƙoƙin zamunna daban-daban. Suka tarar mutum ya fi ƙaunar waƙoƙin da suka fito lokacin da yake wajen shekara 24. Wannan ba abin mamaki ba ne. Lokacin nan ne na samartaka da neman aure da barin gida, kuma waƙar da aka ji a cikinsa takan manne da shi. Saboda haka sau da yawa mai jefa ƙuri'a ƙuruciyarsa yake zaɓa. A tara 'yan shekara sittin a samu zakara ɗaya, a tara 'yan shekara arba'in a samu wani.

Bugu da ƙari, akwai gangami. A 2002 Sashen Duniya na BBC ya nemi masu sauraro su zaɓi waƙar da duniya ta fi so. Wata tsohuwar waƙar kishin ƙasa ta mutanen Ailan, wadda ƙungiyar Wolfe Tones ta rera, ita ta zo ta ɗaya. Waƙar kishin ƙasa ta Indiya ta zo ta biyu, ta Pakistan ta zo ta uku. Duk mai hankali ya san abin da aka auna a nan shi ne wace al'umma ta fi iya gayya. Haka nan a Ingila a 2009, wasu suka yi gangami don hana wanda ya ci gasar talabijin ta X Factor zama na ɗaya a makon Kirsimeti, suka yi ta sayen wata waƙar Rage Against the Machine ta 1992 har ta hau sama.

Ko abin da ke faruwa a duniya yana juya akalar zaɓe. A ƙasar Holan gidan rediyon gwamnati yana shirya zaɓen waƙoƙi 2000 a ƙarshen kowace shekara tun 1999, kuma "Bohemian Rhapsody" ta ƙungiyar Queen, wadda ta fito a 1975, ita ce ta ɗaya a mafi yawan shekaru. Amma a 2015, bayan harin da aka kai birnin Faris a watan Nuwamba, sai "Imagine" ta John Lennon ta ture ta. Waɗannan misalai uku ba na sili-ɗaya-ƙwale ba ne, zaɓe ne na kai tsaye. To, in gayya da juyayi suna iya juya zaɓen da dubban waƙoƙi suka shiga, ina ga karon waƙa biyu da ake rufewa cikin yini guda, wanda kuma faɗuwa sau ɗaya a cikinsa ita ce fita har abada?

HUJJAR MASU GOYON BAYA

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Masu goyon bayan gasar suna cewa don jama'a aka yi waƙa, saboda haka jama'a ne alƙalanta, kuma masana ma suna kuskure. Suna da misali mai ƙarfi a nan gida Nijeriya. Kamfanin faifai na EMI ya ƙi karɓar waƙar "Sweet Mother" ta Prince Nico Mbarga, sai wani ƙaramin kamfani a Anaca, Rogers All Stars, ya fitar da ita a 1976. Ta bazu a Afirka kamar wutar daji, kuma a 2004 masu sauraron BBC suka zaɓe ta a matsayin waƙar da Afirka ta fi so, ta sha gaban waƙoƙin Fela Kuti da Miriam Makeba da Franco. A nan kunnen talaka ya fi na ma'aikatan kamfani kaifi.

Na yarda da wannan. Na kuma yarda cewa gasar tana sa yaro ya saurari abin da ubansa ya yi rawa da shi, tana tayar da muhawara mai daɗi tsakanin abokai, tana fito da faifan da ya daɗe yana shan ƙura. Sai dai duk wannan amfani a cikin sauraro da muhawarar yake, sakamakon bai ƙara masa komai ba. Illar tana farawa ne ranar da aka ɗauki sakamakon a matsayin hukunci: gidan rediyo ya riƙa maimaita waƙoƙi takwas da suka kai gaba, a shekara mai zuwa su ne aka fi sani, su ne kuma za su sake cin ƙuri'a. Sannu a hankali zamani guda ya koma waƙoƙi 'yan kaɗan. Waƙar da mai tsara jadawali bai sa a cikin 64 ba kuwa, ita ko damar faɗuwa ba ta samu ba.

INA RUWANMU?

Mai karatu na iya cewa wannan sha'anin Turawa ne. To, amma gardamar wane ya fi wane ba baƙuwa ba ce a zaurukanmu da dakunan kwananmu na makaranta, kuma shirin zaɓi-sonka na gidajen rediyo ya daɗe da koya mana cewa mai sauraro yana da murya. Babu wuya wata rana a jera mana tsofaffin waƙoƙin Hausa a irin wannan jadawali. A ranar, da wane ma'auni za a gwada waƙar fada ta Narambaɗa ko ta Musa Ɗanƙwairo, masu kotso, da waƙar kalangun Mamman Shata? Ta yaya kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda yake waƙa shi kaɗai ba 'yan amshi, zai kara da kiɗan ƙwarya na Barmani Coge, ko da waƙar dambe ta Ɗan Anace? Kowannensu da jigonsa, da zubi da tsarinsa, da mutanen da aka yi dominsu. Haɗa su a karo ɗaya kamar gwada doki da raƙumi ne a ce wanne ya fi.

Wani abin tsoron kuma shi ne ba duk mawaƙanmu ne suka samu gatan ɗaukar murya daidai ba. Shata ya rayu har 1999, Ɗan Maraya har 2015, rediyo da kaset sun yi musu hidima shekara da shekaru. Makaɗan noma da na ƙauye, da mata masu waƙar daka da niƙa, yawancinsu sun shuɗe ba tare da na'ura ta kama muryarsu ba. Gasar ƙuri'a za ta ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne kawai.

KAMMALAWA

Shawarata ga duk mai son shirya irin wannan gasa, a Turai ko a gida, guda huɗu ce. Na farko, a bayyana wanda ya zaɓo waƙoƙin da dalilin zaɓensa. Na biyu, a raba manyan waƙoƙi a ɓangarori daban-daban, kamar yadda ake yi wa gwanayen tanis, kada su cinye juna tun farko, a kuma haɗa kowace waƙa da 'yar'uwarta a nau'i. Na uku, a kunna kowace waƙa daga farko har ƙarshe, a faɗi wanda ya yi ta da lokacin da ya yi ta, kafin a buɗe zaɓe. Na huɗu, a faɗi yawan waɗanda suka jefa ƙuri'a, a kuma kira zakara da sunanta na gaskiya, watau waƙar da waɗannan mutane suka fi so a wannan lokaci.

Mu kuwa ɗaliban Hausa, namu aikin yana gaban wannan. Hutu yana zuwa, kowa zai koma garinsu. A kowane gari akwai dattijon da ya ajiye kaset a akwati, da tsohuwar da ta haddace waƙoƙin da jikokinta ba su taɓa ji ba. Mu je mu ɗauko, mu rubuta, mu yi nazari, mu ajiye a ɗakin karatu na Sashe. Allah ya sa mu dace, amin.