Duba Halitta: Tumaki da Fara a Kan Ganuwar Ruwa

A wannan wata za mu kai masu karatu ƙasashen da ake yi wa teku ganuwa. Kakanninmu sun kewaye Kano da Zariya da ganuwa saboda mahara. Mutanen Holan da na gabashin Ingila kuwa, maharinsu ruwa ne. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar Holan teku ta fi shi tudu, don haka suka tara ƙasa suka yi doguwar ganuwa a bakin ruwa, suka shuka mata ciyawa. A daren 31 ga Janairu 1953 iska mai ƙarfi ta koro ruwan Tekun Arewa, ya fasa ganuwar a wurare da yawa. Mutum 1,836 suka hallaka a Holan, fiye da 300 a Ingila. A tsibirin Canvey kaɗai, cikin lardin Essex, mutum 58 ne. Tun daga ran nan ba mai wasa da lafiyar ganuwa.

To, abin da ke riƙe ganuwar ƙasa shi ne saiwar ciyawa. Shi ya sa ake sakin tumaki a kanta. Tunkiya tana cin ciyawa ƙasa ƙasa, ciyawar ta yi ta toho ta yi kauri, ƙananan kofatanta kuma suna daddale ƙasa. Shanu kuwa ana shakkarsu, gama in ƙasa ta jiƙe nauyinsu yakan farfasa gefen ganuwa. In kuma an bar ta ba kiwo ba yanka, sai ƙaya ta rufe ta, mai dubawa ba zai ga tsaga ko ramin zomo ba.

Amma ganuwar nan gidan waɗansu ce kuma. Gonakin da ke bayanta an nome su sarai, an zuba musu magani, saboda haka fara da gyare suka sami mafaka a kan wannan siririn tudu, wanda a Essex tsawonsa ya fi kilomita 400. Kada mai karatu ya ce, "Fara? Allah ya raka taki gona!" Farar can ba ta cin gonar kowa. Abincin tsuntsaye ce, da ƙadangaru, da gizo-gizo. Ko cikin Littafi Mai Tsarki ma ba kullum take annoba ba. Littafin Firistoci sura 11 ya lasafta ta cikin abin da ya halatta a ci, ita ce kuma abincin Yahaya Maibaftisma a jeji.

Wani masanin ƙwari mai suna Tim Gardiner ya yi shekaru yana ƙirga fara a Essex. Ya ga cewa ta fi son ciyawa mai tsayin santimita 10 zuwa 20, wato kamar taƙi ɗaya. Inda dabbobi suka aske ciyawa ƙwal, fara kaɗan ce ƙwarai: ba inuwar da za ta fake in rana ta take, ba maɓuya in tsuntsu ya kawo sura. Inda ciyawa ta yi duhu ainun kuma ƙasa takan yi sanyi, ita kuwa fara a ƙasa mai ɗumi take binne ƙwai. Wani irin gyare mai dogon gashin baki sai doguwar ciyawa, gama cikin karan ciyawa yake saka ƙwansa. In tunkiya ta cinye karan, ta cinye 'ya'yan baɗi ke nan. Ashe dai magana ta tsaya kan yawan dabbobi. 'Yan kaɗan, ana ɗauke su daga wannan yanki zuwa wancan, sukan bar ciyawa wani wuri gajera wani wuri doguwa, kowane iri ya sami nasa.

A ƙasashen fari kuwa abin ya juye, a nan ne ya shafe mu. A shekarar 2012 Arianne Cease da abokan aikinta suka nuna cewa a makiyayar arewacin ƙasar Sin, kiwo mai tsanani yana ƙara wa wata fara mai ɓarna ƙarfi. Dabbobi sun cinye ciyawa, iska ta kwashe ƙasa mai kyau, ciyawar da ta tsiro ba ta da sinadarin gina jiki sosai, ga shi kuwa irin wannan ce farar ta fi so. 'Yar'uwarta ce farar nan da ke cin geronmu yana madara, wadda ta yi wa manoman Sahel mummunar ɓarna a 1974 da 1986. Da aka gwada ta a Senegal, sai aka ga matan da suka ci geron da aka sa wa taki sun fi mutuwa, haihuwarsu kuma ta ragu.

Wannan ya sa muke ganin tsohuwar al'adar nan tana da amfanin da ba mu lura da shi ba a da: manomi ya kira Bafulatani bayan girbi, shanu su ci kara su kwana a gona, su bar taki. Wanda ke da akuya biyu da tunkiya ma, ya tara takin turke, ya kai gonar gero tun da bazara.