Mai Fatsar Hunturu Ya Fi Tausayin Kifi

A manyan tafkunan ƙasar Ayilan, irin su Derg da Ree da ke kan Kogin Shannon, akwai masu fita fatsa a tsakiyar hunturu, lokacin da sanyi ke sandarar da yatsu. Abin da suke nema shi ne fayik, kifi mai dogon baki da haƙora kamar na tsage. Ba sa sa tana ko ɗan kifi a ƙugiya. Gashin tsuntsu da zare mai ƙyalli suke ɗaurawa, wani lokaci tsawonsa ya kai taƙi guda, su haɗa da ɗan guntun waya don kada haƙori ya tsinke igiyar, sannan su riƙa ja a hankali, domin a ruwan sanyi fayik ba ya son wahalar bin abinci. Wasu na ganin wannan wahalar banza ce, ni kuwa ina ganin su ne suka san darajar kifin. Ruwan sanyi ya fi riƙe iskar da kifi ke shaƙa, don haka wanda aka kama aka saki yakan farfaɗo, saɓanin lokacin zafi, inda da yawa ke mutuwa bayan an sake su. Manyan da ake alfahari da su kuwa mata ne, cike da ƙwan da za su zuba da shigowar bazara. Shi ya sa dokar ƙasar ta 2006, wadda ta hana kashe fayik da ya wuce santimita 50, ta yi daidai.