Kafin Mu Sayi Sabbin Lasifika, a Hannun Wa Rimot Ɗin Yake?

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku daure ku kai ƙarshensa kafin ku yi min raddi, don na san akwai waɗanda za su ji kamar da su nake.

Ranar Asabar mai zuwa kwamitin ƙungiyarmu ta ɗaliban Arewa zai zauna kan kuɗin karo-karon da muka tara. Shawarar da na ga ta fi ƙarfi a guruf ita ce a sayi manyan lasifika guda biyu, wai don na yanzu sun yi mana kaɗan, shi ya sa aka ji kunya a Ranar Al'adu. Ni ban yarda ba. Lasifikarmu ba ta da laifi. Abin da ya ɓata mana taro ɗan ƙaramin abu ne da bai kai tsawon tafin hannu ba, wato rimot, da kuma inda wanda ya riƙe shi ya tsaya.

Ga waɗanda ba su halarta ba, ga yadda aka yi. Mun samu zauren da kyar, bayan wasiƙa uku da zirga-zirga. Mun gayyato dattawa daga unguwar Hausawa ta cikin gari, muka zaunar da su a layin farko don girmamawa, wato daf da bakin lasifika. Wani ƙanenmu ɗan aji biyu, yaro mai himma wallahi, shi aka ba rimot. Ya tsaya a bayan lasifika kusa da soket, daga nan yake ƙarawa yake ragewa. Da babban baƙo ya fara magana, na baya suka ce ba sa ji. Aka ƙara. Suka sake cewa ba sa ji, aka sake ƙarawa. Wani ya karɓi rimot ya ƙara eko don murya ta yi daɗi. Sai makirfo ya ƙwalla wannan kukan da ke shiga har cikin haƙori. Na ga wani dattijo ya ja hularsa ya rufe kunne ɗaya, ya haƙura ya zauna don kara. Ɗaliban da ke karatun jarrabawa a ɗakin da ke jikin namu suka kai ƙara, mai kula da ginin ya zo ya kashe mana wuta ana tsakiyar rawar koroso. Yanzu an ce sai mun rubuta alƙawari kafin a sake ba mu wurin.

Kafin na shiga jami'a na yi shekara uku ina bin kawuna da ke bayar da hayar kayan sauti a gidajen biki da walima. Ɗaukar kaya da naɗe waya ne aikina, amma na koyi abu guda a wurinsa. In mun gama haɗa kaya, ba ya tsayawa kusa da su. Sai ya tafi can ƙarshen rumfa ya zauna a kan benci tare da mutane, ya riƙa ɗaga min hannu: sama kaɗan, ƙasa kaɗan, tsaya nan. Ni ne rimot ɗinsa a lokacin. Yakan ce wanda ke jikin lasifika shi ne mutum na ƙarshe da ya kamata a tambaya ko sauti ya yi.

Daga baya na gane dalilin. Siririn sauti, wanda da shi ake bambance harufa kamar "s" da "sh" da "ts", gaba yake tafiya kai tsaye daga bakin lasifika. Shi kuwa bes, wannan gurnanin mai girgiza ƙirji, ko'ina yake bazuwa. Don haka wanda ke bayan lasifika gurnani kawai yake ji, sai ya ɗauka murya ba ta fita, sai ya ƙara. Sannan a fili, duk lokacin da ka ninka tazararka da lasifika, ƙarfin sauti yana raguwa da kusan desibel 6. In a mita 1 desibel 100 ne, a mita 2 zai koma 94, a mita 4 kuma 88, a mita 8 ya zama 82. A cikin zaure raguwar ba ta kai haka ba saboda bango yana dawo da sauti, amma abin da bangon ke dawowa da shi shi ne ke cakuɗa magana. Na baya da suka ce ba sa ji, ƙarar tana isa gare su sarai, kalmomin ne ba sa rarrabewa. Mu kuma maimakon mu rage eko, sai muka ƙara musu abin da ke damun su. Dambu ne ya yi yawa, ya ƙi jin mai.

Wannan shi ne ainihin amfanin rimot a kayan sauti. Mun mayar da shi kayan ƙiwa, don kada mutum ya tashi daga kujera, alhali babban aikinsa shi ne ya ba ka damar daidaita sauti daga inda mai sauraro yake zaune. In ka riƙe shi kana tsaye a jikin na'ura, da shi da babu duk ɗaya ne. Abin sha'awa ma, rimot mara waya na farko da kamfanin Zenith na Amurka ya fitar a 1955, wanda injiniya Eugene Polley ya ƙirƙira aka sa masa suna Flash-Matic, cikin 'yan ayyukan da yake iya yi har da kashe sautin talabijin, don mutane su huta da surutun talla. Tun farkon abin, maɓallin yin shiru yana ciki. Mu dai maɓallin ƙarawa kaɗai muka sani, ku duba rimot ɗin ƙungiya ku ga wanne ne ya goge.

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa min a masallaci da kuma wajen mai shayi. Za a ce wasu ƙungiyoyin addini da na ƙabilu a makarantar nan sun fi mu ƙara, suna kwana suna kiɗa, ba wanda ya kashe musu wuta. Gaskiya ne, ni ma sun hana ni barci ba sau ɗaya ba, kuma ina ganin ba a yi mana adalci ba a ranar. Amma mu duba yanayinmu. Ba mu da yawa a nan. Ba mu da malamai da yawa a majalisar makaranta da za su tsaya mana in an kai ƙararmu. Abin da muke da shi shi ne sunan da na gabanmu suka bar mana, cewa ɗaliban Arewa ba su da fitina. Da wannan sunan ake ba mu zaure, da shi ake ba mu wurin buɗa-baki a watan azumi. In muka shiga gasar wa ya fi ƙara, ba za mu ci ba, kuma abin da za mu rasa ya fi na kowa. Ƙarar wasu hujja ce ta mu kai koke a rubuce. Kokenmu zai fi nauyi in namu taron ba a taɓa kuka da shi ba.

Za a kuma ce, Ranar Al'adu ai rana ce ta nuna kai, dole a ji mu. Na yarda a ji mu. To amma me aka ji? Babban baƙonmu ya yi minti ashirin yana bayanin yadda fataken goro da na shanu suka kafa unguwannin Sabo a garuruwan Yarbawa. Ina zaune a layi na tara, ban tsinci rabi ba. Abokin karatuna ɗan Ekiti da na gayyato ya tambaye ni bayan taro ko da Hausa mutumin ya yi magana. Da Turanci ya yi. Wannan ne ya fi min ciwo fiye da kashe wutar.

Akwai kuma batun lafiya, wanda muke ɗauka wasa. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata, ta ƙayyade desibel 85 na tsawon awa 8 a rana. Duk ƙarin desibel 3, lokacin yana raguwa da rabi: 88 awa 4, 91 awa 2, in aka kai 100 kuwa minti 15 ne kacal. 'Yan ƙananan ƙwayoyin da ke cikin kunne masu kama sauti, in suka mutu ba sa sake tsirowa. Wannan "wiii" ɗin da kake ji in ka kwanta bayan taro gargaɗi ne. Dattawan da muka zaunar a gaba awa uku suka yi a wurin. Doka ma tana nan: NESREA tana da ƙa'idojin hana hayaniya tun 2009, kuma a Legas hukumar LASEPA ta sha rufe coci-coci da masallatai da gidajen rawa a kan ƙara. Mai kula da gini in ya kashe maka wuta, yana da abin dogaro.

Ga abin da nake roƙon kwamiti ya duba maimakon sayen lasifika.

A naɗa mutum ɗaya mai kula da sauti a kowane taro, da mataimaki, a faɗi sunansa tun a wajen shiri. Rimot yana hannunsa shi kaɗai. Ko shugaban ƙungiya ne ke son a ƙara, ya aika masa saƙo. Wurin zamansa a cikin jama'a ne, wajen kashi biyu cikin uku na tsawon zauren, ba a kan dandamali ba.

A san iyakar rimot ɗin da muke da shi. Irin namu da hasken infrared yake aiki, wanda ido ba ya gani, kuma sai ya ga idon na'urar kai tsaye. In mutum ya gifta ko an jibga babbar riga a kan amfilifaya, ba zai yi ba. Hasken rana mai ƙarfi ma yana rikita shi, kuma da wuya ya wuce mita 10. Don haka a ɗora na'urar a kan tebur, fuskarta tana kallon jama'a. In ana shakkar ko yana aiki, a buɗe kyamarar waya, a nuna mata kan rimot ɗin a danna maɓalli. A yawancin wayoyi za a ga ɗan haske yana ƙyaftawa. In babu, a fara da canza batir kafin a ce ya lalace. Bayan taro a cire batiran, don in suka daɗe a ciki suna zubar da ruwa su cinye ƙarfen. Wasu wayoyin Redmi da Xiaomi suna da wannan fitilar a samansu, za su iya zama madadi in rimot ya ɓata, matuƙar manhajar ta san irin na'urar.

A gwada sauti kafin baƙi su iso, a sake gyarawa bayan zaure ya cika, domin jikin mutane da tufafinsu suna shanye sauti, zaure fanko da cikakke ba ɗaya ba ne. Lokacin jawabi a kashe eko gaba ɗaya, a rage bes. A bar su ga masu waƙa. Lasifika ta hau kan ƙafa ta wuce tsayin kai, ta kasance gaba da mai magana. Kukan makirfo yana faruwa ne in ya ɗauki sautin da ke fita daga lasifika ya mayar mata, ita kuma ta ƙara shi, abin ya yi ta zagayawa. Maganinsa a rage ƙara, a kawar da makirfo daga gaban lasifika, mai magana ya matso da shi kusa da bakinsa. Dattawa kuma a zaunar da su a gaba amma a tsakiya, nesa da bakin lasifika.

A rubuta lambar da aka tsaya a kai a wajen gwaji, a manna ta da salatif a bayan rimot. Kunne yana sabawa da ƙara bayan awa guda, sai mutum ya ji kamar an rage alhali ba a taɓa komai ba. Lambar nan ita za ta hana shi bin son kunnensa. Manhajar auna ƙara ta waya ba ta kai na'urar gaske ba, amma ta isa ta nuna maka ko kana hawa ko kana sauka. Sannan wani ya fita waje ya tsaya a ƙofar ɗakin maƙwabta ya saurara.

In babban taro ne da zauren ya fi ƙarfin ƙaramin rimot, a yi hayar mikisa irin ta zamani ta rana ɗaya, kamar Behringer XR12 ko Soundcraft Ui12, waɗanda ake sarrafawa da waya ko tablet ta Wi-Fi daga ko'ina a cikin zaure. Sau ɗaya ko biyu ne a shekara. Sauran kuɗin kuma mun san inda ake buƙatarsu. A zangon da ya wuce akwai ƙannenmu biyu da saura ƙiris rajista ta wuce su saboda cikon kuɗin makaranta.

Ga ƙanenmu da ya riƙe rimot a ranar, ba laifinka ba ne. Mu manya muka miƙa maka abu ba tare da mun nuna maka inda za ka tsaya ba. Ni ma ina wurin, na ga abin yana lalacewa, na ji nauyin tashi in yi magana don kada a ce ɗan mastas ya zo yana iyayi. Wannan laifina ne, shi ya sa nake rubuta wannan. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Na ɗauki alƙawarin ranar Juma'a bayan la'asar zan zo da lasifikar ƙungiya filin bayan hostel, duk mai so ya zo mu gwada tare, maza da mata. Za mu sa mutum ɗaya ya yi karatu a makirfo, ku tsaya a bayan lasifika ku ji, sannan ku koma nesa ku ji, sai ku yanke hukunci da kunnuwanku kafin zaman Asabar. Wanda rimot ɗin ke wurinsa don Allah ya taho da shi, batir ni zan saya.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya mayar da mu gida lafiya.