Hutun Haihuwa Ga Uba: Wa Aka Rubuta Wa?

A watan Satumba na 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince cewa ma'aikacin gwamnati namiji zai sami hutun kwana 14 na aiki idan matarsa ta haihu, albashinsa na tafiya. Jihar Legas ta riga ta tun 2014 da kwana 10, Inugu ta biyo baya da mako uku. Jaridu sun yi ta yabo. Mu a nan muka karanta, muka duba, ba mu ga kanmu a ciki ba.

Dalili kuwa a fili yake. Umarnin Abuja ma'aikatan tarayya ya shafa. Malamin Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke Sakkwato yana ciki. Malamin firamare na Magarya, wanda al'amarinsa ke hannun hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da SUBEB, yana waje. Alli ɗaya, allo ɗaya, amma haƙƙin ya bi sunan mai biyan albashi ya bar uban jariri. Dokar Ƙwadago ma, a sashe na 54, ta ba uwa mako 12, uba kuwa ko ambatonsa ba ta yi ba.

Na san abin da wasu za su ce, har cikinmu: namiji ba ya shayarwa, jego aikin mata ne, ga ungozoma, ga kaka, ga surukai. Gaskiya ne babu wanda ya nemi malam ya dafa ruwan wanka. To amma a gaya mana, idan naƙuda ta yi tsanani cikin dare, wa ke neman mota? Idan asibitin Wurno ko na Rabah ya ce a wuce Sakkwato, wa ke sa hannu a takardar aiki, wa ke neman jini, wa ke tsaye a bakin kantin magani? A gidaje da yawa na ƙasarmu mace ba ta fita sai da izinin mijinta, kuma ma'aikatan lafiya sun daɗe suna kuka da jinkirin da ake yi kafin a kawo mai haihuwa. Ba a ɗora wa mutum wannan nauyi duka sannan a ce zamansa a gida sangarta ne. Ban ma zo ga itacen wanka da rago da goron suna ba, waɗanda ba sa kawo kansu.

Wanda abin ya fi ci shi ne malamin da aka tura nesa da iyalinsa. Yana koyarwa a wani ƙauye na Goronyo, matarsa na Rabah, kuma kowa ya san hanyoyin gabashin jihar nan ba na bin dare ba ne yanzu. Zaɓinsa biyu: ya roƙi alfarmar shugaban makaranta, ko ya sulale ya jira takardar tuhuma. Alfarma kuwa ta mai bayarwa ce. Yau ya bayar, gobe ya hana. Abin kunya ne a ce ɗan'uwanmu da ya tafi ci-rani Saudiyya dokar ƙwadagon can ta rubuta masa kwana uku, mu kuwa da ke gida muna bara.

Kada kuma a kwaso mana takardar tarayya yadda take. Ta ce hutun sau ɗaya ne cikin shekara biyu, kuma ga 'ya'ya huɗu kawai. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa zama a gidan mai mata biyu ba. Uwargida ta haihu da rani, amarya da damina: wace ce za a ce tata haihuwar ba ta cancanta ba? Ɗa na biyar fa, ba ya zuwa da naƙuda?

Masu tsoron aji ya zauna babu malami su tuna cewa yanzu ma zaune yake, a ɓoye, ba tare da shiri ba. Hutun da aka rubuta yana ba shugaban makaranta damar raba darussa tun cikin wata na takwas.

Saboda haka reshenmu ya kai wa shugabannin NUT na jiha buƙata a rubuce: kwana 14 na aiki da cikakken albashi ga kowace haihuwa, da ƙarin kwanakin hanya ga wanda ke aiki a wajen ƙaramar hukumar iyalinsa, a saka cikin ƙa'idojin aikin malamai. Duk wanda zai zo taro na gaba, ya zo da alƙalamin sa hannu.