Haƙorin Makka ko Haƙorin Tauna?

A Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar muna da dattawan da zubewar haƙora ta hana cin nama, har furta ث da ذ a karatu ya yi musu wuya. Amma mu haƙorin Makka na ado muka fi sani.

Gyara halas ne, domin Annabi (SAW) ya umurci Arfaja ya sa hancin zinari bayan na azurfa ya yi wari. Haƙoran roba sun fi araha, sai dai a cire su da dare a wanke. Dashe kuwa, wanda aka fara a Suwidin a 1965, ƙusar titaniyam ce a ƙashin muƙamuƙi. Yana buƙatar watanni kafin ya kama, da kuɗi masu yawa, da zirga-zirga zuwa birni kamar Kano. Shan taba da ciwon sukarin da ba a kula da shi ba suna lalata shi.

Saboda haka likita ya duba ƙashi, iyali su duba aljihu. Kada a sayar da gona don dashe, kada kuma a bar tsoho ba abin tauna. Allah Ya sa mu dace.