Idan Waƙa Ta Ƙi Tashi, Laifin Wa Ne?

A makon jiya wani abokin aikina ya turo mini adireshin wani shafin intanet da aka ɗora ɗanɗanon tsofaffin waƙoƙin marigayi Mamman Shata, kowanne na daƙiƙa 30. Na danna, shiru. Na sake dannawa, 'yar da'irar nan ta yi ta juyi har na gaji. Kamar kowa, sai na ɗora laifin a kan sabis, daga nan na koma kan wayata. Ashe dukansu ba su ci ba, ba su sha ba.

Gaskiya ne wani lokaci matsalar tana hannun mai sauraro, kuma gano ta ba ya wuce minti biyu. A duba ko an rage ƙarar waya, ko kuma Bluetooth yana tura sautin zuwa wata lasifika da ke wani ɗaki. A iPhone, maɓallin shiru kan toshe sautin wasu shafuka. Tun 2018 burauzar Chrome ta daina barin yawancin shafuka su tayar da sauti da kansu, sai mutum ya danna da hannunsa. Manhajar toshe tallace-tallace ma takan haɗa da abin kunna waƙar ta toshe. Bayan waɗannan, a buɗe shafin da wata burauza, sannan a kunna bidiyo ɗaya a YouTube. Idan bidiyon ya tashi amma waƙar ta ƙi, a bar wahalar da waya haka nan, ciwon yana can wurin masu shafin.

Shafin da aka turo mini an gina shi ne a kan Flash, manhajar da kamfanin Adobe ya daina kula da ita ranar 31 ga Disamba, 2020, ya kuma hana ta aiki a Janairun 2021. Akwai shafukan da suka girme shi, masu ɗauke da fayilolin RealAudio, tsarin da ya fito a 1995, wanda burauzar yau ba ta kunna shi. Wasu waƙoƙin lasisinsu ne bai shafi ƙasar da kake ba. Wasu kuwa fayil ɗin ne ya ɓata, maɓallin kawai ya rage.

A nan nake da ja da masu shafuka. Shawarar da suka saba bayarwa ita ce ka kashe waya ka kunna, ka share tarkacen burauza, ka sake gwadawa. Wanda ya sayi datar kwana ɗaya zai ƙone ta wajen neman gyara abin da ba a hannunsa ya lalace ba. Jimla guda da ke cewa an cire fayil ɗin, ko ba a sauraronsa a wannan ƙasa, ta isa ta hutar da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne maɓallin da ya mutu sau da yawa alama ce ta taskar da ba mai kula da ita. A 2019 MySpace ya amince cewa waƙoƙin da aka ɗora masa daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta wajen sauya rumbun ajiya. A Oktoban 2023 harin masu kutse ya durƙusar da shafukan Ɗakin Karatu na Birtaniya, har da taskarsa ta sauti. Idan haka ta samu manya, ina ga waƙar Ɗan Maraya Jos da wani masoyi ya kwafo daga kaset ya ɗora a shafi ɗaya tak, sannan kaset ɗin ya ruɓe?

Za a ce sakin fayil a fili yana tauye haƙƙin magadan mawaƙi. Wannan magana ce mai nauyi, amma ɗanɗanon daƙiƙa 30 talla ne, kamar yankan tsiren da mai nama ke miƙa maka kafin ciniki. A sa shi a tsarin MP3, wanda kowace waya ke kunnawa, cikakkiyar waƙar kuma a adana ta a WAV ko FLAC, a wuri fiye da ɗaya. Sannan mai shafi ya riƙa shiga lokaci-lokaci da waya mai araha yana danna maɓallan da kansa.

Na rubuta wa masu shafin nan na Shata ina tambaya ko asalin fayilolin suna nan. Har yau ina jiran amsa.