Haƙurin Kirista Ba Mutuwar Zuciya Ba Ne

Maƙasudin wannan ɗan rubutu nawa shi ne in faɗi ra'ayina a kan wata kalma da muke ji kullum a ɗakin kwana, wato "yi haƙuri". Ni Kirista ne, kuma tun ina ƙarami ake koya mini cewa mai bin Yesu Almasihu sai ya jure wahala, ya yi musun kansa. Amma na daɗe ina yi wa wannan koyarwa gurguwar fahimta.

Lokacin da nake aji ɗaya, wani babban ɗalibi ya buɗe akwatina ya kwashe garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙulin da mahaifiyata ta haɗa mini. Da na yi magana sai ya sa ni tsallen kwaɗo har ƙafafuna suka kumbura. Kowa ya ce in yi haƙuri, wata rana ni ma zan zama babba. Na kuwa yi shiru, ina zaton na cika umarnin addini. Gaskiyar magana, ba haƙuri na yi ba, ajiye fushina na yi ina jiran ranar da zan rama a kan wani.

To, ga shi bana ina aji shida, har an naɗa ni shugaban ɗakin kwananmu. Ranar da nake jira ta zo. Yara suna rawar jiki in na shigo, bokitina ba ya rasa ruwa, kuma ba wanda zai tambaye ni in na taɓa akwatin wani. A nan ne na fara gane abin da musun kai yake nufi.

A cikin Linjilar Markus, sura ta 8, Yesu ya gindaya wa masu son binsa sharuɗɗa biyu: musun kai da ɗaukar gicciye. Waɗansunmu suna ɗauka cewa musun kai ya ƙare a kan barin nama ko sukari a cikin azumin kwana 40 da ke farawa ranar Laraba ta Toka kafin bikin Ista. Azumi abu ne mai kyau, 'yan'uwanmu Musulmi ma sun san amfaninsa a watan Ramadan. Amma mutum yana iya barin sukari alhali yana cin zalin ƙaninsa. A ganina, musun kai na gaskiya shi ne ka bar abin da kake da ikon yi, wanda ranka yake so, domin wani ya huta.

Haka kuma jure wahala ba ya nufin rufe baki a gaban zalunci. Linjilar Yohanna, sura ta 18, ta nuna cewa sa'ad da wani dogari ya mari Yesu, bai rama ba, amma ya tambaye shi dalilin marin. Manzo Bulus kuma, bayan an yi masa bulala an kulle shi a Filibi ba tare da shari'a ba, ya ƙi fita a ɓoye, ya nace sai mahukunta sun zo da kansu sun sake shi. Wannan yana cikin Ayyukan Manzanni, sura ta 16.

Akwai wani labari daga ƙasar Uganda da ya fi taɓa zuciyata, domin ya shafi samari kamarmu. A fadar Sarki Mwanga na Biyu na Buganda akwai yara masu hidima, shugabansu kuwa wani saurayi ne mai suna Charles Lwanga. Ya karɓi wannan matsayi ne bayan sarki ya kashe Joseph Mukasa a shekarar 1885, saboda ya tsawata masa a kan kisan Bishop James Hannington. Lwanga ya san abin da ya sami wanda ya gabace shi, duk da haka ya ci gaba da kare yaran daga mugun nufin da sarki yake da shi a kansu, yana kuma koya musu addini. Ranar 3 ga Yuni, 1886, aka ƙone shi da waɗansu a Namugongo. Ƙaramin cikinsu, Kizito, shekarunsa kamar 14 ne, sa'ar 'yan ajinmu na uku. Tsakanin 1885 da 1887 an kashe Katolika 22 da Angilikan 23 a wannan tsanani, kuma a 1964 Paparoma Paul na Shida ya sanya Katolikan nan cikin tsarkaka.

Jama'a, ku duba. Lwanga shi ne babba a cikin yaran, da ya kau da kai da ya tsira da ransa da muƙaminsa. Ya zaɓi wahalar ta faɗa a kansa maimakon ƙannensa.

Wani zai ce, ai wahalar da muka sha ce ta sa muka zama maza, don haka na baya ma su sha. Ban yarda ba. Tashin asuba da sharar fili da karatun dare suna gina mutum. Ƙwace da duka kuwa ba abin da suka koya mini sai ƙiyayya.

Ba wanda ya ce mu shiga wuta kamar samarin Namugongo. Abin da ke gabanmu ƙarami ne: in ɗebi ruwana da kaina, in bar akwatin yaro yadda uwarsa ta kulle shi, in kuma kai ƙarar abokina ga malamin gida idan ya ƙi jin gargaɗi, ko da 'yan ajinmu za su daina yi mini magana. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi mini nauyi, kuma na riga na ɗanɗana shi a zangon da ya wuce.

Daga ƙarshe ina roƙon iyayenmu, idan yaro ya kawo muku kuka, kada ku tsaya a kan "yi haƙuri" kawai, ku tambaye shi abin da ya faru. Ku kuma 'yan aji shida, saura 'yan watanni mu bar makarantar nan. Mu yanke wannan muguwar al'ada a kanmu, kada mu bar wa na baya gadonta.